Shekarar Da Na Huda Zana

'Ya'yana, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, har jikoki sun fara ɗaukarta, ina so in gyara ta tun ina da sauran gani. Kuna cewa wai shekarar da babbar yayarku ta buga babbar gasar ƙwallon kwando ta matan ƙasashen Turai, ni kaɗai ce a Filinge na ƙi kallo, wai ina fushi da gajeren wandon da take sawa. Wandon dai ban so shi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma tana sa wani dogo baƙi a ƙarƙashinsa, kuma ba shi ne maganar ba. Wanda ya fara yaɗa zancen nan ban san shi ba, na dai san ba ya tare da ni a bayan zana.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Ita ce 'yar fari. A ƙasarmu ta Kurfai a lokacinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake yi sai ta kau da kai har wani ya ɗauke shi. Haka uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah, ban kuma taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ni kuwa tawa kunyar ninki biyu ce, domin babanku ya sa wa yarinyar sunan mahaifiyarsa, wadda muke ce wa Inna, kuka kuma san ta da sandarta da bakinta. Sunan suruka ba ya fita daga bakin matar ɗa. Da aka yaye ta Inna ta ɗauke abarta, a ɗakinta ta tashi, ni kuma tana kirana Amarya kamar yadda take jin mutanen gida suna kirana. Tana ta tsawo kamar ana jan ta da igiya. Da ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, gwaggonta ta tafi da ita Yamai, can wani malaminsu ya ga tsawon nan ya ce bai kamata ya tafi a banza ba. Daga nan labarin ya fi ƙarfina. Yau a ce tana Dakar, gobe a ce ta haye teku, har aka wayi gari aka ce wata babbar ƙungiya ta wani gari a Turkiyya ta ɗauke ta, kuma in an gama gasar za ta zo gida da farkon damina. Rabonmu da ita a lokacin, autanku bai fara tafiya ba.

Gasar ta fara muna cikin girbin gero. Sani, ƙanen babanku mai shago a bakin kasuwa, shi ya ɗauki abin a kansa. Duk ranar wasa, bayan la'asar, sai ya ɗauko tele da batir a bayan babur ya kafa a tsakar gida, gindin bishiyar bedi. Kafin a ce me, gida ya cika: maƙwabta, 'yan shagonsa, har Fulanin da suke kawo mana nono sukan jinkirta komawa ruga. Inna a gaba kan buzunta, ko da yake idonta ya riga ya yi rauni, kunne ne kawai ke yi mata aiki. Ranar farko Sani ya leƙo madafa ya ce:

"Amarya, taho ki ga ɗiyakki, ga ta nan cikin tele."

Inna ba ta ko juyo ba ta ce, "Kai Sani, ba ka da ta ido? Bar ta ga aikinta."

Na ɗauki kabata na koma bayan zanar da ta raba tsakar gida da wajen awaki, na zauna ina ɗinkin faifai. Ina jin ihu, ina jin wani baƙon namiji a cikin tele yana kwarma sunan surukata da wani irin harshe, Inna tana dariya tana cewa sunanta ya riga ta zuwa Turai. Na daure ranar farko. Rana ta biyu ban daure ba. Na sa basilla na raba gambar zanar daidai idona in ina zaune, na yi 'yar huda. Da na ga bakinta yana zarewa, hannuna bai iya barinta haka ba, ban taɓa barin bakin saƙa a sake ba tunda na koya. Na bi shi da kaba na ɗinke shi zagaye kamar bakin faifai. Ta nan na kalli gasar nan tun daga farkonta, akuya tana cin gefen zanena.

Kallo dai na yi, amma kada ku tambaye ni abin da na gani. Abu na farko da ya ɗaure mini kai shi ne kwandon. Ni da na tsufa ina saƙa, ban taɓa ganin an rataye kwando marar gindi ba, a kuma tara manyan mata suna gudu suna haki don su jefa abu a ciki ya zube ƙasa. In ya zube sai a yi murna. Na biyu, ban gane wa ke faɗa da wa ba. An ce ƙungiyar ta Turkawa ce, amma a cikinta akwai baƙaƙe biyu daga Amurka, da wata fara sol mai gashi kamar na masara, da tamu 'yar Kurfai, mai horar da su kuma an ce daga wata ƙasar daban yake. Wannan mako su je Sifen, mako mai zuwa wasu su zo musu daga Faransa, a cikin waɗancan ma sai in ga baƙar yarinya da aka ce 'yar Mali ce, ita da tamu suna ture juna kamar ba maƙwabta ba. Lissafin ma ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya, wani jefin biyu ne, wani uku. Agogo yana tsayawa ya huta. Sani zai ce saura minti ɗaya, in tashi in duba tukunya in dawo, har yanzu saura minti ɗayan nan.

Ita kuwa ko ba a nuna fuskarta ba ina gane ta, domin tafiyar mahaifina take yi, kafaɗar hagu a sauke. Na lura ba ita ke yawan jefawa ba. Tana tsaye ne a ƙarƙashin kwandon, in wata ta jefa ta kuskure sai ta yi tsalle ta cafe, ta miƙa wa wata. Raina ya ɓaci. Duk tsawon nan, an kai ta Turai tsintar abin da wasu suka zubar? Wani lokaci kuma tana cikin gudu sai mai horarwar ya kira ta ya zaunar a benci, ya sa wata. Duk sanda aka yi haka sai in ce ta yi laifi, za a kore ta. Ba wanda zan tambaya, domin a sanin kowa ban kalla ba. Wata rana cikin sanyi aka cinye su, na gani da idona lambar waɗancan ta fi tasu, na fara share hawaye da bakin mayafi, sai na ga suna rungumar juna suna rawa, tsakar gidanmu ma ta kaure da guɗa. Da dare ya yi na daure na tambayi babanku a kaikaice, na ce mutanen nan na tsakar gida murnar me suke yi. Ya ce wasan biyu ne ake haɗawa, na can da na nan, sun faɗi yau amma sun wuce. Na ce to. Har yau ban gane yadda mutum zai faɗi ya wuce ba.

Da zafi ya fara shigowa aka ce ƙungiyoyi kaɗan suka rage, za a tara su a gari ɗaya a yi ta ta ƙare. Sai Sani ya zo da wani saƙo. Wai masu ƙungiyar suna so iyayen kowace 'yar wasa su yi gaisuwa a waya, da hoto mai motsi, a nuna wa yaran kafin su fita fili don su ji ƙarfi. Aka shimfiɗa tabarma, Inna ta sa zanenta na salla. Ta yi wa takwararta kirari har ta gaji, babanku ya yi addu'a. Ina tsaye daga gefe da ludayi a hannu, ban ankara ba Sani ya juyo da wayar kaina.

"Amarya, hwaɗi wani abu. Uwa suka hi so."

Ga Inna zaune, ga babanku, ga matan maƙwabta a bakin ƙofa suna kallon bakina. Me zan ce? Na ja mayafi na rufe fuska, na juya wajen bango, na ce:

"A gaida masu masaukinta. Allah shi saka musu."

Matan suka ce madalla, Amarya akwai kunya. Inna ta gyaɗa kai. Ni ma na koma madafa ina ganin na fita kunyar kowa, har ina jin daɗi a raina cewa za ta ji muryata.

Bayan kwana biyu ta kira wayar Sani, ya kawo wa babanku, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ina daka a kusa. Ashe a babban allo aka nuna musu gaisuwar, su duka suna zaune. Uwar wannan tana kuka tana sumbatar waya, uwar waccan ta ɗaga rigar 'yarta tana kiran sunanta. Da aka zo kanta sai ga mace ta juya baya tana gaida masu masauki. Wata a cikin abokan wasanta ta tambaye ta ko mai aikin gidansu ce, wata ta ce ko mahaifiyarta ta rasu ne. Babanku ya fara yi mata bayani, ta katse shi.

"Baba, na san kunya ta. Cikinta anka haihe ni. Abin da ban sani ba, ko akwai wani abu ƙarƙashinta. Shekara nawa ina gudu, ko sau guda ba ta dube ni ba. Sani ya ce ko tele ba ta zuwa."

Sannan ta ce ba za ta zo da damina ba. Ta ce mutanen can sun daɗe suna roƙonta ta karɓi takardun ƙasarsu ta zama tasu, tana ta ja musu rai saboda gida, amma yanzu in an gama gasar za ta ba su amsa.

Taɓaryar ta tsaya a hannuna. Ban yi kuka ba, ruɗewa na yi. Na yi abin da aka koya mini, na yi shi daidai, matan unguwa sun yaba, ga shi kuma zai raba ni da 'yata. In na yi magana na zubar da mutuncina da na surukata, in na yi shiru yarinya ta zama Baturkiya. Kwanakin nan gishiri sau biyu nake zubawa a miya. Na je wajen Inna da niyyar in roƙe ta ta ce wa yarinyar wani abu, na durƙusa, na kasa haɗa zancen, domin ko a nan ba ni da bakin da zan ce 'yata. Inna ta gane abin da ya kawo ni, ta ce:

"Hushin yara na. Mu da munka yi kunya ɗiyanmu sun watse? Tashi ki ba awaki ruwa."

Na so in ce mata 'ya'yanta ba su haye teku ba. Na tashi na ba awaki ruwa.

Ranar wasan da in sun ci za su kai na ƙarshe, ko iska ba ta motsi. Mutane har kan katanga, wasu daga Bonkuku suka zo a kan babura. Na zauna a wurina, ido a huda, faifai a cinya ban ko taɓa shi ba. Ranar yarinyar ta yi wasa kamar mai faɗa da wani. Duk abin da ya tashi sama nata ne, har jefawa ta yi ta yi, tsakar gida tana ta ihu. Ina kallon fuskarta in an matso da ita, ba murna a ciki, na san da wa take. Ana cikin haka ta yi tsalle tare da wata, suka haɗu a sama, ta sauko a kan ƙafa ɗaya. Na ga gwiwar ta tafi inda gwiwa ba ta zuwa. Ta faɗi, ta riƙe ƙafar, ta buɗe baki. Tele ba ta kawo kukan ba, amma na san shi, irin wanda take yi ne tana jaririya ina kau da kai.

Ban san lokacin da na tashi ba. An ce ban zagaya ta ƙofa ba, gefen zanar na ture na faɗo tsakar gida, ba mayafi, na tsallake mutane na kama tele da hannu biyu. Na kira sunan. Da ƙarfi na kira shi, na sake kira, ina cewa tashi, ga ni, tashi.

Gida ya yi tsit. Cikin shirun nan sai Inna, da ba ta ga abin da ya faru ba, ta ɗago kai ta ce:

"Na'am? Wa ka kirana haka kamar ɗiyar goyo?"

Wani ya fashe da dariya ya toshe baki. Babanku ya sunkuyar da kai. Na tsaya da tele a hannu, ana ɗaukar yarinyar a kan gadon marasa lafiya ana fita da ita, sai a lokacin hankalina ya dawo na gane abin da na yi. Na karya abin da na riƙe tun ina amarya, a gaban duk wanda bai kamata ya ji ba, ita kuwa wadda na yi dominta tana can bayan teku, ko kalma ɗaya ba ta ji ba.

Na sha kuɗar abin. Ranar kasuwa mata suna zuwa rumfata ba don faifai ba, sai don su ga matar da ta kira sunan surukarta. Yara suna kwaikwayon muryata a bayan katanga. Inna ta daina cin tuwona, ta sa ana kawo mata daga gidan Sani, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ƙungiyar kuma an ce an cinye su ranar, sun sake wani wasan sun ci, an rataya musu lambar yabo ta uku. Wannan ma ban gane ba, ban kuma damu in gane ba. An yi wa yarinyar aiki a gwiwa, tana kwance a asibitin can, ba ta kira kowa ba.

Inna ce ta gaji da riƙe fushinta ita kaɗai. Wata safiya ta sa Sani ya kira mata takwararta, ba don ta yi mata sannu ba, don ta kai ƙarata. Ina shara a bakin ɗakinta, ta kuma san ina nan.

"Takwara, kin ji abin da uwakki tay yi min? Gaban mutanen Bonkuku ta kama sunana tana ta kwarma. Saboda ke. Ni da hurhurata."

Daga can na ji muryar yarinyar, ƙasa-ƙasa.

"Inna, wa?"

"Amarya mana, uwa nawa gare ki?"

"Mi tac ce?"

"Sunana, na ce miki! Wai tashi, ga ni. Ta kama tele kamar ta shige ciki."

"Da ƙarhi?"

"Har Abala an ji."

"Inna, sake hwaɗa min. Tun daga hwarko."

Inna ta ce ita ba rediyo ba ce, amma ta sake faɗa, har da ƙari, ta ce na ture mutum uku na taka mata buzu. Daga can ban san ko dariya ake yi ko kuka ba. Na ci gaba da share wurin da na riga na share.

Ruwan farko ya sauka, muna shirin shuka, motar Yamai ta ajiye ta a tasha da sanduna biyu a hammata. Gida ya cika. Sai da ta sunkuya kafin ta shigo ƙofa. Kuna tsammani na ruga na rungume ta? Ban iya ba. Ina madafa, na ce wa tukunya an zo lafiya, ta ce lafiya lau, Amarya. Na dama mata fura na ba wata ta kai. Raina yana ta suya, ina cewa ga shi na sake, za ta koma da abin da ta zo da shi.

Da la'asar mutane suka ragu, ta fito tana dogara sanda tana zagaya gidan, tana duba abin da ya canza. Ina bayan zana ina ɗinki, sai ga ta a kaina. Ta tsaya tana kallon hudar. Ta jingine sanda ɗaya, ta sauka a hankali har ƙasa, ƙafar mai ciwo a miƙe, ta zauna a gefena, ta sunkuyar da dogon wuyan nan ta sa ido. Ta ga gindin bedi, daidai inda Sani ke kafa tele. Ta shafa bakin hudar da yatsa. Kabar ta yi baƙi ta yi santsi saboda goshina.

"Amarya, wa yay yi wagga huda?"

Na ce, "Awaki."

"Awakin gidan ga sun iya ɗinkin baki?"

Na ci gaba da ɗinkina. Ta kwantar da kanta a kafaɗata, nauyi kamar damin gero, ni kuma ban kau da kai ba. Muna nan zaune har aka kira magariba, akuya tana cin faifan da ban gama ba.

Ba ta karɓi takardun ba. Ta koma ta yi wasa bayan gwiwar ta warke, amma kowace damina tana gida. Inna ta koma cin tuwona kafin gero ya yi bununi, ba ta dai fasa ba baƙi labarin ba har ta rasu. Ni kuwa har yau ban san ko daidai na yi ranar da na yi shiru ba, ko ranar da na yi ihu, ban kuma san abin da zan ce ku yi wa naku 'ya'yan fari ba. Abin da na sani, ban ƙi kallo ba, ko wasa ɗaya bai wuce ni ba. Tun ranar nan bakina bai sake iya kiran sunan ba, na gwada ni kaɗai a gona ya maƙale. To ga sunan nata nan na rubuta da hannuna, in ta karanta ta gani.

Zainabu.